Darasi na 11: Sanƙarau a Jikin Jariri Sabon Haihuwa da Yadda Ake Maganinsa

Manufar darasi

Idan muka kammala wannan darasi, ana so kowane ɗalibi ya iya gane jaririn da bai kamata ya kwana a gida ba, ya san dalilin da ya sa maganin sanƙarau na jariri allura ce ta jijiya, ya kuma fahimci abin da ke sa likita ya riƙe jariri mako biyu ko uku a asibiti alhali ga shi ya koma shan nono.

Sanƙarau da muka sani, da wanda ba mu sani ba

Ba a yi wa Bahaushe bayanin sanƙarau. Ciwon rani ne, yana tasowa da ƙurar hunturu, ya tsananta da zafin bazara, ya lafa idan ruwa ya sauka. Ƙasarmu tana tsakiyar wani yanki da ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, inda annobarsa ke tafiya tana dawowa. A 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu, kuma har yau akwai kurame a garuruwanmu da wannan shekarar ce ta tafi da jinsu. Kowa ya san yadda yake a jikin babba ko yaro mai wayo: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, mutum ya kasa sunkuyar da kai.

Wannan sanin ne yake yaudararmu idan aka zo kan jinjiri. Jaririn da bai wuce kwana 28 da haihuwa ba yana kamuwa da sanƙarau, har ma ya fi kowa saurin kamuwa, amma nasa ba ruwansa da rani ko damina, kuma yawanci wuyansa ba ya sandarewa. Sai kaka ta juya wuyan jikanta ta ji shi da laushi, ta ce alhamdu lillahi ba sanƙarau ba ne, alhali ciwon ya riga ya yi nisa a ciki.

Babba ne ko jariri, wuri ɗaya ciwon ke kamawa. Ƙwaƙwalwa da laka an lulluɓe su da tantani hawa uku, a tsakani kuma akwai wani ruwa garau da ke kewaya su. Idan ƙwayoyin cuta irin waɗanda ake kira bakteriya suka shiga wannan ruwa suka hayayyafa, sai tantanin ya kumbura, ruwan ya gurɓace, ƙwaƙwalwa ta matsu. A jikin jariri hanyar kusan kullum ɗaya ce: ƙwayar ta fara shiga jini, jinin ya kai ta ƙwaƙwalwa. Garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwarin da za ta tare ta ba, ta bakwaini kuwa ta fi rauni.

Daga ina ƙwayar take zuwa?

Likitoci sun raba ciwon gida biyu bisa lokacin da ya bayyana. Wanda ya taso a kwana uku na farko, galibi a jikin uwa jaririn ya ɗauko shi, ko tun yana ciki bayan faya ta fashe, ko a lokacin da yake fitowa. Wadda ta fi suna a irin waɗannan ƙwayoyi ita ce Streptococcus ta rukunin B. Tana zaune a hanji da gaban mata masu lafiya ƙalau ba ta yi musu komai. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya ce kusan masu ciki 15 cikin 100 na ɗauke da ita, wato mata kusan miliyan 20 a kowace shekara. Mazaje da surukai su ji wannan da kyau: ba ciwon lalata ba ne, ba kuma alamar ƙazanta ba ce, don haka babu laifin da za a ɗora wa mai jego. Bayan ta sai E. coli, ƙwayar hanji da kowa ke da ita, sai kuma Listeria, wadda mai ciki kan samu ta abinci, musamman madarar da ba a dafa ba da cukun da aka yi da ita.

Haɗarin ya fi yawa idan faya ta fashe aka wuce awa 18 ba a haihu ba, ko uwa ta yi zazzaɓi tana naƙuda, ko ruwan ya zo da wari, ko aka haifi bakwaini. Jaririn da aka haifa a ɗaya daga cikin waɗannan halaye, a kai shi a duba ko da ana ganinsa garau.

Wanda ya taso bayan kwana uku, yawanci daga waje ya zo: hannun masu barka da ke ɗaukar jariri ba su wanke ba, rezar da aka yanke cibiya, tsumman gashi, toka ko man goge baki da ake shafa wa cibiyar, askar wanzami wajen cire hakin wuya ko tsaga, har da kayan aikin asibiti idan tsabta ta yi ƙaranci. Nan ne ake haɗuwa da Klebsiella da Staphylococcus aureus, kuma a asibitocin Afirka waɗannan biyu suna cikin waɗanda aka fi samu. Cibiya hanya ce buɗaɗɗiya zuwa jini har sai ta faɗi ta warke. Abin da aka yarda a shafa mata shi ne man kilohezidin da ake bayarwa a asibiti, kuma a kula ƙwarai kada ya taɓa ido, domin yana makantarwa.

Wani zai ce ai an yi rigakafin sanƙarau a unguwarsu. An yi. MenAfriVac ta fara a 2010 a Burkina Faso da Mali da Nijar, ta shigo Najeriya a 2011, sannan a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da Men5CV. To amma waɗannan na ƙwayar annoba ne, kuma ba a yi wa ɗan kwana biyar. Allurai biyu na yara masu kare su daga wasu nau'o'in sanƙarau, Penta da PCV, sai a mako na 6 ake farawa, a sake a na 10 da na 14. Ita kuwa Streptococcus ta rukunin B, zuwa lokacin rubuta wannan littafi ba ta da rigakafin da aka amince da shi. Ke nan a watan farko abin da jariri ya dogara da shi shi ne nonon uwa, tsabta, da idon masu kula da shi.

Alamomin da ba a kwana da su

Uwa ce ke fara ganewa, domin alama ta farko kusan kullum a bakin nono take. Jaririn da jiya yake kamawa da ƙarfi, yau ya kama ya saki, ko ya ƙi kamawa sam. Sai barci ya yi masa yawa, a tashe shi ya buɗe ido ya koma, jikinsa ya saki, ba ya motsi sai an taɓa shi. Wani kuma akasin haka yake yi: kuka mai tsini da ba a saba ji ba, wanda ɗauka ba ta lallashinsa, har ma ya ƙara tsananta idan an motsa shi.

Zafin jiki yana da ruɗi. Idan ma'auni ya nuna 38 ko sama, zazzaɓi ne. Amma jarirai da yawa, musamman bakwaini, sanyi jikinsu ke yi, ya sauka ƙasa da 35.5, kuma wannan sanyin ba ya nufin sauƙi. Kada kuma a ce maleriya ce a je kemis. Maleriya ba ta cika kama jariri a makonnin farko ba, farasitamol kuwa zafin kawai zai ɓoye, ƙwayar tana nan tana aikinta.

A ƙirga numfashi da agogo, minti ɗaya cif, lokacin da jaririn ke kwance ba ya kuka. Idan ya kai 60 ko fiye, a sake ƙirgawa. Idan ya sake kaiwa, alama ce. Haka idan ƙasan haƙarƙari na lotsawa sosai wajen jan numfashi, ko yana gurnani, ko numfashin na ɗaukewa ya dawo.

Jijjigar jariri ba lallai ta girgiza jiki duka ba. Tana iya zama ƙafe ido wuri ɗaya, ƙifta ido a jere, tsotsar baki ba nono, ko hannu ɗaya ya riƙa fizga. Nan ne aka fi cewa iska ce ko kambun baka, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a hanya. Hayaƙi da dauri da jiƙo kuwa a bar su, domin jaririn da ke jijjiga yana iya shaƙe duk abin da aka ɗura masa.

Sai maɗiga. Mun saba da wadda ta faɗa, alamar ƙarancin ruwa a jiki. A sanƙarau tasowa take yi, ta yi tauri ko da jaririn yana shiru an ɗaga shi zaune. Alama ce mai ƙarfi, sai dai takan makara, don haka ba a jiranta. Amai, kumburin ciki, shawarar da ta sauko har tafin hannu da ƙafa, da cibiya mai ja ko mugunya duk suna cikin lissafi.

Ɗaya tak daga cikin waɗannan ta isa a tafi. Abin da ke hana tafiyar ba jahilci ba ne kullum. Maigida ba ya nan, ba wanda ya isa ya ba da izini. Mai jego ba ta yi arba'in ba. Haihuwar fari ce, yarinya tana jin kunyar ta buɗe baki a kan ɗanta gaban surukai, tana ganin abin da take gani ta yi shiru. Wannan kunya al'adarmu ce mai kyau, amma a nan kashewa take yi. Kaka ko gwaggon da ke zaman jego ita ya kamata ta riƙa tambaya: "'Yar nan, yau ya sha kuwa kamar jiya?" Maigida kuma ya bar izini da kuɗin mota tun kafin haihuwa.

A hanya a manna jaririn a ƙirjin uwa, fata da fata, a rufe su da zane, a sa masa hula. Idan yana iya tsotsa a ci gaba da ba shi nono. Idan ƙaramin asibiti ne kusa, ma'aikacin lafiya zai yi masa allurar farko a cinya, ya rubuta takarda ya tura ku babban asibiti. Wannan allura ta tsallakar da shi hanya ce kawai, ba ita ce maganin duka ba.

Ruwan baya

A ɗakin jarirai za a auna nauyinsa, a duba sukarin jininsa, a sa masa kanula a jijiya, a ɗebi jini. Daga nan likita zai nemi izinin ɗibar ruwan baya, kuma nan ne iyaye da yawa ke tirjewa. Maganar da ke yawo ita ce allurar baya tana gurguntawa, ko kuwa wane an yi masa ya mutu.

Ga yadda abin yake. Laka ba ta kai ƙarshen gadon baya ba, kuma ƙasa da inda ta ƙare ake soka siririyar allura, tsakanin ƙasusuwa biyu. Ruwan da ake ɗiba bai kai cokalin shayi ba, jiki kuma yana mayar da shi cikin 'yan awoyi. Waɗanda suka rasu bayan an yi musu, ciwon da ya sa aka yi gwajin ne ya ɗauke su, domin mai tsananin ciwo ake yi wa.

Ruwan mai lafiya garau yake, na mai sanƙarau yakan fito a gurɓace. A ɗakin gwaji za a ƙirga fararen ƙwayoyin jini da ke ciki, a auna sukari da furotin, a shuka ruwan a ga wace ƙwaya za ta tsiro cikin kwana ɗaya zuwa uku, sannan a gwada wane magani ke kashe ta. Gwajin jini kaɗai ba ya wadatarwa. Wani babban bincike a Amurka ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na jariran da aka tabbatar suna da sanƙarau, jininsu bai nuna ƙwayar ba. Bambancin kuwa babba ne: idan cutar a jini kawai take, magani na kwana 7 zuwa 10 kan isa, idan ta kai ƙwaƙwalwa, dole a ƙara ƙarfin maganin, a ninka kwanakin. Uban da ya hana ɗibar ruwan baya ya bar likita da lalube.

Idan jaririn ya galabaita ƙwarai, likita kan ɗaga gwajin zuwa ya ɗan farfaɗo. Maganin ne ba a ɗagawa. Ana fara shi nan take, kafin kowane sakamako ya fito.

Magungunan da dalilinsu

Maganin kashe bakteriya shi ake kira antibayotik. Alexander Fleming ya gano fenisilin a Landan a 1928, amfisilin ya fito a 1961, jentamisin a 1963. Kafin zuwan irin waɗannan magunguna, kusan duk jaririn da sanƙarau ya kama mutuwa yake yi. Yau a ƙasashe masu ƙarfin asibiti kusan ɗaya cikin goma ke rasuwa, a ƙasashe matalauta kuwa bincike ya nuna adadin na iya kaiwa huɗu ko biyar cikin goma. Maganin iri ɗaya ne a wurare da yawa. Lokacin da aka isa asibiti, da abin da aka tarar a can, su ne suka bambanta.

Me ya sa sai ta jijiya? Jijiyoyin jinin da ke cikin ƙwaƙwalwa an yi su a matse, ba sa barin yawancin abin da ke cikin jini ya ratsa. Wannan shinge kariya ne daga guba, amma yana tare magani ma, ɗan kaɗan ne ke tsallakawa. Don abin da ya tsallaka ya isa kashe ƙwaya, sai an cika jini da magani mai yawa, a kan lokaci, ba fashi. Hanjin jariri marar lafiya ba zai iya tsotso wannan adadin ba, ga amai. Saboda haka ɗigon Ampiclox da ake saya a kemis a ɗiga wa jarirai wai don wanke ciki ba ya maganin sanƙarau. Ɓarna ma yake yi: yana iya dusashe alamomi, ya hana ƙwayar tsirowa a gwaji, ya kuma koya mata jure magani. Idan an riga an ba shi, a faɗa wa likita gaskiya, a tafi da kwalbar.

Likitoci sun taɓa tunanin su tsallake shingen gaba ɗaya, su zuba jentamisin kai tsaye cikin ramukan ruwa na ƙwaƙwalwa. Tunani ne mai ma'ana a takarda. Wasu likitoci ƙarƙashin George McCracken na Dallas suka gwada, suka fitar da sakamako a 1980: mace-mace a cikin jariran da aka yi wa haka sun ninka na waɗanda aka yi wa ta jijiya kawai fiye da sau uku. Aka dakatar da gwajin, aka bar wannan hanya.

Littafin aljihu na Hukumar Lafiya ta Duniya kan jinyar yara a asibiti, bugun 2013, ya ce a fara da amfisilin da jentamisin tare. Amfisilin yana kashe Streptococcus ta rukunin B da Listeria, jentamisin yana fuskantar ƙwayoyin hanji irin su E. coli, kuma idan sun haɗu suna ƙarfafa juna. Da nauyin jariri da kwanakinsa ake lissafa adadin. A makon farko ƙoda ba ta gama kankama ba, magani yana daɗewa a jiki, don haka tazarar allura ta fi tsawo; bayan mako ɗaya sai a matso da ita. Jentamisin sau ɗaya ake yi a rana, kuma idan ya yi yawa yana taɓa ƙoda da kunne. Shi ya sa malaman jinya ke tambayar uwa sau nawa ya yi fitsari, kuma shi ya sa ba aikin mai kemis ba ne.

Jentamisin ba ya ratsa shingen ƙwaƙwalwa sosai, saboda haka idan ana zargin ƙwayoyin hanji, likitoci da yawa kan haɗa da sefotakzim, wanda ke ratsawa da kyau. Yana da ɗan'uwa da aka fi sani a wajenmu, seftirayakzon, maganin da ya ceci dubban manya da yara a lokutan annoba. A jariri sabon haihuwa ana taka-tsantsan da shi: yana iya tura sinadarin shawara zuwa ƙwaƙwalwa, don haka ana kauce masa a jariri mai shawara da bakwaini, ba a kuma haɗa shi da ƙarin ruwa mai sinadarin kalsiyam, domin suna daskarewa a huhu da ƙoda. Dukansu biyu ba sa kashe Listeria, shi ne dalilin da ake barin amfisilin a cikin haɗin har sai gwaji ya fito. Kuloramfenikol, wanda dattawa za su tuna da allurarsa mai mai ta zamanin annoba, hantar jariri ba ta iya sarrafa shi. Tun 1959 likitoci a Amurka suka gano yana taruwa a jikin jarirai, su yi toka-toka su mutu. Maganin da ya warkar da babban wa yana iya kashe ƙanensa ɗan kwana huɗu.

Matsalar da ke hana likitocin jarirai barci yau ita ce ƙwayoyin da suka daina jin magani. Wani bincike mai suna BARNARDS, da aka yi a ƙasashe bakwai na Afirka da Asiya, har da Asibitin Murtala Muhammad na Kano da wasu asibitocin Abuja, ya fito a 2021. Ya duba jarirai masu cuta a jini, ya tarar a cikin dangin Klebsiella da E. coli kusan dukkansu ba sa jin amfisilin, kusan bakwai cikin goma kuma ba sa jin jentamisin. Don haka idan bayan kwana biyu likita ya ce a sauya zuwa amikasin ko merofenem, mai tsada, ba neman kuɗi yake ba. Ko sakamakon gwaji ne ya nuna, ko jikin jaririn. Mu ma da hannunmu a wannan matsala, domin duk kafso da aka sha ba bisa ƙa'ida ba, ko aka zuba wa kaji a ruwa, horo ne ake ba ƙwayoyin.

Akwai tsoron da ya kamata a ambata da sunansa. A annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani, Trovan, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano. Yara 11 suka rasu, magana ta kai kotu, aka yi sulhu da gwamnatin jihar a 2009. Wanda ya ji wannan labari yana da hujjar yin tambaya. Magungunan da muka lissafa a nan ba na gwaji ba ne, an shafe shekaru gommai ana amfani da su a duniya. Haƙƙinku ne ku tambayi sunan maganin, kwana nawa za a yi, da abin da gwaji ya nuna. Ku tambaya, amma kada ku ɗauke yaron.

Kwana 14, kwana 21

Idan Streptococcus ta rukunin B ce, mafi ƙaranci kwana 14. Listeria 14 zuwa 21. E. coli da Klebsiella da danginsu, mafi ƙaranci 21. Inda ba a samu damar gano ƙwayar ba, littafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce mako uku. Wani lokaci akan sake ɗibar ruwan baya bayan kwana ɗaya ko biyu don a tabbatar maganin yana ci.

Wajen kwana na huɗu ko na biyar abin farin ciki kan faru, kuma shi ne tarkon. Zazzaɓi ya sauka, jijjiga ta tsaya, jariri ya kama nono. Kuɗi sun fara ƙarewa, an bar yara a gida, ga suna ya matso. Sai uba ya tari likita: "Likita, tun da ya samu sauƙi, a rubuta mana na sha mu ƙarasa a gida." Idan an ƙi, ya sa hannu ya ɗauke. Wannan noma ne da aka share ganyen ciyawa aka bar saiwa. Ƙwayoyin da ke yawo a ruwa sun mutu, amma akwai waɗanda suka maƙale a ramukan ƙwaƙwalwa inda magani ke isa da ƙyar. Idan suka farfaɗo, ciwon kan dawo da ƙurji a ƙwaƙwalwa ko toshewar hanyar ruwa, kuma kuɗin jinya ta biyu ya fi na farko.

Suna ba hujja ba ne. A al'adarmu a ƙofar gida ko masallaci maza ke raɗa suna da safe, ba a fito da jaririn. A raɗa, a yanka rago, aski da taron mata su jira. Gudummawar da dangi za su kawo ta barka, a karkata ta ga magani. Manyan asibitocin gwamnati suna da ofishin taimakon marasa ƙarfi, a nemi malamar jinya ta nuna shi.

Wataƙila wani ya ji cewa yanzu ana yi wa jarirai magani a ƙaramin asibiti da allurar jentamisin da amoksisilin na sha. Gaskiya ne. An gwada wannan a Kwango da Kenya da Najeriya, har da Zariya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2015 don inda zuwa babban asibiti ya gagara. Amma ba a yi shi don jariri mai jijjiga, ko wanda ya suma, ko wanda ya kasa shan nono gaba ɗaya ba. Sanƙarau kwanciya yake so.

A tsawon kwanakin nan uwa ma'aikaciya ce. Idan jaririn ba ya iya tsotsa, ta riƙa tatsar nono ana ba shi ta siririyar roba ta hanci. Ta wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa shi, ta hana 'yan dubiya ɗauka. Ta san lokutan allura, idan lokaci ya wuce ta tuna wa malama cikin ladabi. Idan wurin kanula ya kumbura, ta faɗa. Sauran aikin na asibiti ne: iskar oksijin, ruwan sukari, kwalba don ɗumi, da fenobabiton don tsayar da jijjiga.

Bayan sallama

Yawancin waɗanda aka kai da wuri suka kammala magani suna tashi lafiya. Amma a cikin waɗanda suka tsira, kashi ɗaya cikin biyar har zuwa rabi kan fito da wani tabo: raunin ji, farfaɗiya, sandarewar gaɓoɓi, jinkirin zama da tafiya da magana, ko taruwar ruwa a kai. Saboda haka a yi gwajin ji kafin sallama ko jim kaɗan bayanta, domin uwa ba ta iya gane kurumtar jinjiri da ido, kuma yaron da aka gano da wuri ya fi samun taimako wajen koyon magana. Za a riƙa auna kewayen kansa da tef. Idan kan yana girma fiye da ƙima, maɗiga ta taso, idanu suna kallon ƙasa, a koma ba tare da jiran ranar da aka rubuta ba. Akwai aikin tiyata da ake yi a manyan asibitocin koyarwa don janye ruwan. Rigakafinsa na mako 6 da 10 da 14 kuma yana nan daram.

Aikin aji

1. Wata uwa ta ƙirga numfashin jaririnta ɗan kwana 9, ta samu 66 a minti ɗaya, ta sake ta samu 64. Jikinsa ba zafi. Me za ta yi, kuma yaushe?

2. An rubuta wa jariri allura duk bayan awa 8 har kwana 21. Allura nawa ke nan gaba ɗaya? Idan aka ɗauke shi bayan kwana 6, nawa aka bari?

3. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama uban da ya ƙi yarda a ɗebi ruwan baya, ɗaya ya zama maƙwabcin da ya yi wannan darasi. A shawo kansa ba tare da an raina shi ba.

Aikin gida: kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya je asibitin da ya fi kusa da gidansa ya tambaya ko suna kwantar da jarirai sababbin haihuwa, ko suna buɗe da dare, da kuma inda suke turawa idan abin ya fi ƙarfinsu. Ku rubuta amsar a bangon littafinku tare da lambar wayar direba ko ɗan acaɓa biyu na unguwarku da za su iya fitowa ƙarfe biyun dare, sannan ku karanta wa duk mai ciki da ke gidanku.